Skyrim, The Witcher 3 ko Elden Ring: Da Wanne Ya Kamata a Fara?

Wanda ya tara kuɗinsa ya sayi PlayStation 4 ta hannu, ko ya samu kwamfuta mai ɗan ƙarfi, kuma ya fara ƙosawa da buga ƙwallo da tseren motoci, yakan ji ana ambaton wani nau'in wasan bidiyo da ake sakin mutum a cikin wata ƙasa ta almara, da duwatsunta da garuruwanta da dazuzzukanta, a miƙa masa takobi a ce ya nufi inda ya ga dama. Sunaye uku ne suka fi yawo a bakin masu wannan harka: Skyrim, da The Witcher 3, da Elden Ring. Dukkansu ana samun su a kan PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta, kowannensu an sayar da kwafinsa miliyoyi masu yawa, kuma duk wanda aka tambaya zai dage cewa gwaninsa ne ya fi. Abin da ya sa zaɓin yake da nauyi shi ne kowane ɗaya yana iya cinye wa mutum sa'o'i 100 ko fiye, wato watanni ke nan ga ma'aikaci ko ɗalibin da ba ya samun zama sai bayan isha'i, saboda haka kuskure a nan asarar kuɗi ce da ta lokaci a haɗe. Na buga ukun har ƙarshe, kuma abin da na fahimta shi ne girman taswira da kyan hoto, waɗanda a kansu ake fara tambaya, su ne mafi ƙarancin amfani wajen yanke shawara. Ainihin abin da ya raba su shi ne matsayin da kowanne yake ajiye mai wasa. Skyrim yana ɗaukarsa baƙon da aka buɗe wa ƙofofin gari duka, The Witcher 3 yana sa masa rigar wani mutum mai suna da tarihi ya ce ya ɗauki nauyinsa, shi kuwa Elden Ring yana mayar da shi ɗan koyo a hannun maigidan da ba ya yawan magana.

Skyrim ne babba a shekaru. Kamfanin Bethesda da ke jihar Maryland a Amurka ne ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2011, ƙarƙashin jagorancin Todd Howard, kuma shi ne na biyar a jerin wasannin The Elder Scrolls. Wasan yana farawa da mai wasa ɗaure a cikin keken doki ana kai shi garin Helgen domin a sare masa kai, sai wani ƙaton dodo mai fukafukai da aman wuta, mai suna Alduin, ya afka wa garin, a cikin ruɗanin nan mutum ya tsere. Daga fitowarsa daga kogon da ya bi ya gudu, babu shingen da zai tare shi. Yana iya bin babban labarin, inda zai gano cewa shi ne wanda aka haifa da ikon haɗiye ran dodannin, ya hau dutse mafi tsawo a ƙasar domin dattawan da ke zaune a can su koya masa kirarin da ke tunkuɗe abokan gaba. Yana kuma iya mantawa da Alduin ɗungurungum, ya tafi Riften ya shiga ƙungiyar ɓarayi, ko ya nufi makarantar sihiri ta Winterhold, ko ya ɗauki ɓangare a yaƙin basasar da ake gwabzawa tsakanin sojojin daula da 'yan tawayen Ulfric Stormcloak, ko kuma ya zauna a Whiterun yana ƙira a maƙera yana sayar da wuƙaƙe har ya tara abin sayen gida.

Tsarin girman jarumi a Skyrim shi ne mafi sauƙin fahimta a cikin ukun, domin ya yi kama da yadda ake koyon sana'a a rayuwa. Akwai fannoni 18, kuma kowanne yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka yi amfani da shi: mai yawan harbi da baka zai zama maharbi, mai yawan sanɗa zai iya ratsa sansanin 'yan fashi ba a ji motsinsa ba, mai yawan haɗa magunguna zai ƙware a haɗi. Ba a tilasta wa kowa ya zaɓi hanya tun daga farko, kuma da yawa daga cikin abokan gaba suna ƙara ƙarfi ne daidai da ƙarfin mai wasa, don haka da wuya sabon shiga ya faɗa wurin da ba shi da mafita. Wannan sassaucin yana da farashinsa. Faɗan takobi a Skyrim ba shi da armashi sosai, sau da yawa sara ne kawai ake ta yi har jinin wani ya ƙare, kuma mutanen ƙasar ba su cika nuna sun san abin da jarumi ya aikata ba. Mutum yana iya zama shugaban makarantar sihiri alhali bai iya komai ba sai 'yan dabaru kaɗan, ya kuma zama shugaban makasa na ɓoye da shugaban mayaƙa masu mutunci a lokaci guda, ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Bayan sa'o'i masu yawa kuma kogunan ƙarƙashin ƙasa da kaburburan da ake shiga sukan fara kama da juna. Duk da haka, ban san wani wasa da ya kai shi iya jan mutum daga hanya ba: an fito da niyyar kai saƙo wani gari, sai a hango hasumiya a kan tudu, daga hasumiya a tsinci wasiƙa, daga wasiƙa a faɗa wani kogo, kafin a ankara dare ya raba kuma saƙon yana nan a jaka.

The Witcher 3: Wild Hunt ya fito ne ranar 19 ga Mayu, 2015, daga kamfanin CD Projekt Red na birnin Warsaw a ƙasar Foland, kuma an gina shi a kan littattafan marubucin ƙasar, Andrzej Sapkowski. A nan ba a tambayar mai wasa wane ne shi. Shi ne Geralt, farin-gashi, mai sana'ar kashe dodanni a biya shi, wanda yake rataye da takubba biyu a baya, na ƙarfe domin mutane da namun daji, na azurfa domin dodanni. Yana neman Ciri, yarinyar da ya raina kamar 'yar cikinsa, wadda wata rundunar mahaya masu ban tsoro take farauta, kuma neman nata ne yake ratsa shi ta cikin ƙasar da yaƙi tsakanin daular Nilfgaard da masarautun arewa ya ɗaiɗaita. Yankin Velen fadama ce da ƙauyuka ƙonannu da gawawwaki rataye a bishiyoyi, Novigrad babban birni ne na fatake da 'yan daba inda ake ƙona matsafa a dandali, Skellige kuwa tsibirai ne na masu jiragen ruwa da gaba tsakanin dangi.

Inda wannan wasa ya tsere wa sauran shi ne rubutun labari, kuma misali guda ya isa ya nuna haka, ko da yake zan taɓa shi sama-sama domin kada in ɓata wa wanda bai buga ba. A Velen akwai wani tsohon soja da ya naɗa kansa mai mulkin yankin, wanda ake yi wa laƙabi da Bloody Baron. Ya san wani abu game da Ciri, amma ba zai faɗa ba sai Geralt ya nemo masa matarsa da 'yarsa da suka ɓace. Da bincike ya yi nisa sai ta bayyana cewa ba sace su aka yi ba, guduwa suka yi daga mashayin da yake dukan matarsa, kuma akwai cikin da ya zube aka binne shi a ɓoye ba tare da an raɗa masa suna ba, wanda ya tashi ya zama abin tsoro. Ɗaya daga cikin hanyoyin da wasan ya bayar shi ne uban ya rungumi wannan halitta a hannunsa, ya kai ta bakin ƙofar gidansa cikin dare, ya raɗa mata suna, ya nemi gafararta. Wanda ya taso a inda ake ɗaukar suna da muhimmanci ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin wannan wuri. Wasan bai wanke mutumin ba, bai kuma mayar da shi shaiɗan tsantsa ba, ya bar mai wasa da shi a matsayin mai laifi da yake nadama bayan lokaci ya ƙure. Kuma wata shawara da Geralt zai yanke a wani wuri daban, a ƙarƙashin wata bishiya, wadda a lokacin ba ta yi kama da tana da alaƙa da gidan nan ba, ita ce za ta ƙayyade makomar matar da mijin da wasu marayu da wani ƙauye guda. Babu zaɓin da kowa yake tsira a cikinsa.

Irin wannan kulawar ta kai har ga ƙananan ayyukan gefe. Takardar neman mai kashe dodo da aka manna a allon ƙauye takan zo da ciniki a kan lada, da bin sawu, da tambayar shaidu, kuma sau da yawa a ƙarshe a tarar cewa wanda ya ba da aikin ya ɓoye rabin gaskiya. Hatta ƙarshen wasan, wanda ya kasu manyan gida uku, bai rataya a kan wani gagarumin faɗa ba, ya rataya ne a kan yadda Geralt ya mu'amalanci Ciri a wasu 'yan lokuta da ba a yi musu alama ba, ko ya ba ta ƙwarin gwiwa ko ya danne ta da sunan kariya. Rauninsa kuwa a bayyane yake. Tafiyar Geralt tana da ɗan nauyi a hannu, dokinsa Roach yakan maƙale a inda bai kamata ba, jakar kaya takan cika da tarkace, kuma taswirar tana cike da alamomin tambaya waɗanda da yawansu, musamman na cikin tekun Skellige, ba su da abin kirki. Wanda yake son ya ƙera jaruminsa da kansa ma zai ji an takura shi, domin Geralt ba zai taɓa zama maharbi ko babban matsafi ba. Takobi ne, da dabarun sihiri guda 5, da magunguna da man shafa wa takobi gwargwadon irin dodon da za a tunkara.

Elden Ring ne ƙaraminsu a shekaru. Kamfanin FromSoftware na birnin Tokyo a Japan ya yi shi, Bandai Namco ya rarraba shi ranar 25 ga Fabrairu, 2022, Hidetaka Miyazaki ne ya jagoranci aikin, marubucin Amurka George R. R. Martin kuma ya rubuta tsohon tarihin duniyar da aka ɗora wasan a kai. Ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards na 2022, kamar yadda The Witcher 3 ya lashe a 2015. Sa'ar farko ta wasan ta ƙunshi dukkan halinsa. Mai wasa yana tura wata ƙofa mai nauyi ya fito filin Limgrave, ga wata ƙatuwar bishiya mai hasken zinariya ta rufe rabin sama, ga kuma wani mahayi cikin sulken zinariya yana kai da komo a kan hanya 'yan taku kaɗan daga gabansa. Kusan kowane sabon shiga yakan tunkare shi, kuma kusan kowa yakan mutu nan take. Babu rubutun da zai fito ya ce a kauce masa. Mutum da kansa zai gane cewa an ajiye mahayin nan ne domin a koya masa ratsewa, ya je ya yi ƙarfi, ya dawo. Haka abin yake da Margit, bos ɗin (wato babban abokin gaba) da yake tsare ƙofar ganuwar Stormveil, wanda ya sa mutane da yawa suka ajiye wasan a makon farko. Hasken da wasan yake nuna hanya da shi yana kai mutum wurin Margit kai tsaye, amma mai lura zai juya dokinsa Torrent ya nufi kudu, ya share tsibirin da ke can, ya tara duwatsun wasa makami, ya ƙara yawan jininsa, sannan ya dawo ya tarar faɗan ya zama abin da za a iya.

Ba a zaɓar sauƙi ko wahala a Elden Ring, mataki ɗaya ne ga kowa. Babu littafin da yake lissafa wa mutum ayyukan da ya karɓa, mutanen da ake haɗuwa da su sukan faɗi magana a dunƙule su ɓace, sai a sake tarar da su a wata kusurwa ta duniya, ita kanta taswirar sai an tsinto gutsattsarinta kafin ta bayyana. Abin da ake tarawa daga kashe abokan gaba shi ne kuɗin sayayya kuma shi ne kuɗin ƙarin ƙarfi, idan aka mutu yana zubewa a wurin, kuma idan aka sake mutuwa kafin a je a kwashe shi ya tafi ke nan. Wannan doka guda tana sa kowane taku a wurin da ba a sani ba ya zama da fargaba ta gaske. Sakamakon wannan tsanani shi ne ganowa a nan tana da ɗanɗanon da sauran biyun ba su da shi. Har yanzu ina tuna lokacin da na shiga wani ɗan gini a dajin gabashin Limgrave, na taka wani dandamali, ya yi ta sauka da ni ƙasa har na zaci wasan ya lalace, sai ga wani kogi da rusassun gine-gine a ƙarƙashin ƙasa, da wani abu mai kama da sararin taurari a samansu. Babu wanda ya aike ni can, babu alamar da ta nuna wurin, kuma mutum yana iya gama wasan bai taɓa sanin yana nan ba.

Ana yawan tsorata mutane da wahalar Elden Ring fiye da kima. Wasan ya tanadi hanyoyin rage wa kai nauyi: akwai tokar ruhohi da ake kira su taya faɗa, akwai sihirin da ake jifa daga nesa, akwai damar gayyato wani mai wasa ta intanet, kuma kusan duk bos ɗin da ya gagara ana iya barinsa a je wani wuri. Abin da ba ya yafewa shi ne gaggawa da haɗama, wato ƙarin sara ɗaya bayan lokacin ja da baya ya yi. Ta fuskar faɗa zalla babu haɗi tsakaninsa da sauran biyun, domin kowane makami yana da nauyinsa da saurinsa a hannu, kowane babban abokin gaba yana da salon da sai an karanta shi kamar yadda ɗan dambe yake karanta abokin karawarsa. Wanda ya kayar da bos irin su Malenia ko Radahn bayan yunƙuri 30 ya san cewa hannunsa ne ya koyi wani abu. Amma wajibi ne mutum ya tambayi kansa da gaskiya ko yana da irin wannan haƙurin a ƙarshen yini. Wanda ya dawo daga kasuwa ko ofis a gajiye, da sa'a ɗaya tak a hannunsa, yana iya ƙarar da ita duka a ƙofar bos guda ya kwanta bai ci gaba da komai ba, kuma ba kowa ne yake ɗaukar wannan a matsayin hutu ba.

Akwai batun harshe, wanda masu sharhi na ƙasashen waje ba sa kawowa domin bai dame su ba. Babu ɗayan wasannin nan da aka fassara zuwa Hausa, kuma yawancinmu da Turanci za mu buga su. The Witcher 3 shi ne ya fi dogara da jin harshe, domin rabin daɗinsa yana cikin hira, da habaici, da karin maganar ƙauyawa, da zaɓin amsa wanda wani lokaci ake ba shi 'yan daƙiƙu kawai. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai iya bin alama a taswira ya gama wasan, amma zai wuce ta gefen abin da ya sa ake yabonsa. Turancin Skyrim ya fi sauƙi, kuma kibiyar da ke saman allo tana kai mutum har bakin abin da ake nema. Elden Ring yana amfani da tsohon Turanci mai wuya, sai dai maganar ba ta da yawa, kuma ko masu harshen sukan gama shi ba su fahimci labarin ba sai sun nemi bayani daga baya, don haka rashin jin kowace kalma ba ya hana cin moriyarsa.

Sai abin da yake fitowa a allo, wanda ya zama dole a faɗe shi ƙarara ga mai buga wasa a falo ko a ɗakin da ƙanne suke shigowa. Dukkan ukun na manya ne, kuma akwai jini da kisa a cikinsu. The Witcher 3 ya ɗara sauran da nisa a wannan fanni: akwai tsiraici, da wuraren kwanciya, da gidajen karuwai, da shan giya, da ashar mai yawa. Ana iya kauce wa da yawa daga ciki ta hanyar zaɓin amsa, amma ba duka ba, domin tun a mintunan farko akwai abin da mutum ba zai so mahaifiyarsa ta shigo ta tarar ba. Hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa masa shekara 18, haka ma Skyrim, ta sa wa Elden Ring 16. A Skyrim babu tsiraici, amma akwai gumaka da wuraren bauta na ƙirƙira da ake neman tabarruki a wurinsu, da ayyukan da wasu aljanun almara suke sa mutum, waɗanda ana iya ƙin karɓarsu ba tare da babban labarin ya tsaya ba. Elden Ring kuwa labarinsa gaba ɗaya a kan allolin ƙarya ne da 'ya'yansu da suke yaƙi a kan mulki, ga halittu masu muni da za su iya firgita yaro. Kowa ya san inda iyakarsa take a irin wannan, kuma gara ya sani kafin ya biya kuɗi.

Ta fuskar na'ura, tazarar shekarun nan tana aiki. Bugun Skyrim da aka sabunta a 2016 yana neman wajen giga 12 a faifai da RAM giga 8, kuma kwamfuta mai matsakaicin katin hoto tana ɗaukarsa. The Witcher 3 tare da ƙarinsa, wato labaran da aka ƙara masa daga baya, yana kaiwa wajen giga 50. Elden Ring yana neman giga 60 da RAM giga 12 da katin hoto na ajin GTX 1060 a mafi ƙaranci, abin da ya fi ƙarfin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake saya domin karatu ko aikin ofis. Ga mai sayen data da kuɗinsa, bambancin giga 12 da giga 60 ba ƙarami ba ne, shi ya sa faifan PlayStation 4 na hannu yakan fi araha a lissafin ƙarshe, ko da yake shi ma yakan nemi a sauke gyare-gyare. Skyrim da The Witcher 3 suna kan Nintendo Switch ta farko, mai batirinta a jiki, Elden Ring kuwa bai fito a kanta ba. Babu ɗayansu da aka fitar a hukumance domin wayar Android ko iPhone, don haka duk shafin da ya ce a sauke ɗayansu a waya abin gudu ne.

Abin da na fi so mai zaɓi ya tsaya a kansa shi ne yadda kowane wasa yake jure katsewa, domin a gidajenmu wasa ba ya tafiya sa'o'i uku a jere. Ana ɗauke wuta, ana kiran salla, ana aiken mutum. A Skyrim ana iya dakatar da komai a kowane lokaci, ko a tsakiyar faɗa, a kuma adana wasa kusan a ko'ina, a ajiye adanawa daban-daban yadda idan ɗaya ta lalace za a koma wata. The Witcher 3 ma haka yake, sai dai ba ya barin a adana ana cikin faɗa, kuma wasu hirarrakinsa suna da tsawo. Elden Ring ba shi da maɓallin dakatarwa na yau da kullum, buɗe jakar kaya ba ya tsayar da abokin gaba, kuma idan aka tayar da iƙama mutum yana tsakiyar faɗan bos, sai dai ya ajiye ya karɓi mutuwar. Wurin da ake samun aminci shi ne wuraren hutu masu ɗigon hasken zinariya, waɗanda suna da yawa a fili amma suna nisa da juna a cikin manyan gine-gine. Wasan yana adana kansa a kai a kai, wanda yake da kyau idan wuta ta ɗauke domin ba a komawa baya sosai, amma adanawa guda ce ga kowane jarumi, ana rubutawa a kanta kullum, saboda haka idan ɗaukewar ta zo daidai lokacin rubutun, babu tsohuwar ajiya a cikin wasan da za a koma mata. Wanda ba shi da inbata ko sola, kuma ya zaɓi Elden Ring, ya saba da kwafe ajiyarsa zuwa filasha lokaci zuwa lokaci idan a PlayStation 4 ko kwamfuta yake bugawa.

Idan aka tambaye ni wanda na fi ƙauna, The Witcher 3 ne, kuma shi nake ba duk baligin da yake jin Turanci sosai, yake da ɗakin kansa, yake kuma son labarin da zai bi shi har kan shimfiɗa. Amma ba shi nake fara miƙa wa wanda bai taɓa buga irin wannan wasa ba. Shi wannan, Skyrim ne ya dace da shi, domin yana da matakan wahala 6 da ake canzawa a kowane lokaci, ba ya hukunta kuskure da tsanani, yana tafiya a kan na'ura mai rauni, yana haƙuri da wutar da ba ta da tabbas, kuma a cikinsa ne mutum zai gano ko shi mai son yawo ne, ko mai son labari, ko mai son faɗa. Wanda ya ga labarin Skyrim bai ƙosar da shi ba, The Witcher 3 yana jiransa. Wanda kuma ya ga saran takobin ne ya yi masa lami, ya wuce Elden Ring kai tsaye. Mutum ɗaya ne zan ce ya fara da Elden Ring ba tare da ya bi ta kan sauran ba, shi ne wanda ya riga ya saba da wasannin faɗa masu neman saurin hannu, wanda shan kaye sau 20 yake ƙara masa naci, kuma wutarsa tsayayya ce.

Wajen saye kuma a lura da bugun da ake ɗauka. Na Skyrim a nemi Special Edition, domin ya haɗo ƙarinsa guda uku, Dawnguard da Hearthfire da Dragonborn, kuma yana karɓar gyare-gyaren da masu wasa suke ƙirƙira da kansu, waɗanda a kwamfuta sun kai dubbai. Anniversary Edition na 2021 ƙananan kaya ya ƙara, sabon shiga ba ya bukatarsu. Na The Witcher 3 kada a sayi wasan shi kaɗai, a nemi bugun da ya haɗa da Hearts of Stone na 2015 da Blood and Wine na 2016, domin na farkon yana cikin mafi kyawun labaran wasan, na biyun kuma ya buɗe sabuwar ƙasa guda mai suna Toussaint, kuma wanda yake da shi a PlayStation 4 yana samun bugun PlayStation 5 kyauta tun Disamban 2022. Waɗannan biyun sukan faɗi warwas a lokutan rangwame a shagunan intanet irin su Steam, don haka jira na 'yan makonni yana iya rage kuɗin sosai. Na Elden Ring kuwa a sayi wasan shi kaɗai tukuna. Ƙarinsa, Shadow of the Erdtree, wanda ya fito ranar 21 ga Yuni, 2024, ba a shiga cikinsa sai an kayar da bos biyu, Radahn da Mohg, kuma isa wurin Mohg aiki ne na sa'o'i masu yawa ga wanda ya fara yau.